Baht, Kuɗin Mutanen Tailan, da Alkawarin da Ya Karye a 1997

 

An nemi in yi magana a kan kuɗin wata ƙasa mai nisa, wato Tailan, wadda da yawanmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunanta. Kuɗin nasu baht ake ce masa, kuma satang 100 ne ke yin baht ɗaya. A 'yan shekarun nan dala ɗaya takan kama baht talatin da 'yan kai. Ba ya cikin manyan kuɗaɗen duniya irin su dala da fam da yuro, amma ranar 2 ga Yuli 1997 da ya faɗi, sai da ƙasashen gabashin Asiya suka girgiza ɗaya bayan ɗaya, har ta kai Suharto, wanda ya haura shekara 30 yana mulkin Indonesiya, ya sauka daga kujerarsa. Abin da nake so mu duba tare shi ne yadda kuɗin da ya shekara goma sha uku a tsaye kyam ya zube cikin wata shida, da kuma wanda ya kamata a ɗora wa alhakin.

Sai dai kafin mu je can, mu koma baya kaɗan, domin baht tun asali ma'auni ne na nauyi, kimanin giram 15. Har gobe kuma yana nan a wannan matsayin. Wanda ya shiga unguwar Yaowarat a Bankok, inda shagunan zinariya suke jere da jan fenti, zai tarar an kafe farashin ranar a bakin ƙofa, na saye da na sayarwa, kuma a kan nauyin baht ɗaya ake rubuta shi, ba a kan giram ba. Sandar zinariya mai nauyin baht ɗaya giram 15.244 ce, tsaftarta kashi 96.5 cikin ɗari. Mace takan ce sarƙarta baht biyu ce, nauyi take nufi. Idan ana maganar dukiyar aure ma, akan faɗi kuɗi kaza da zinariya baht kaza.

A zamanin da, lokacin da ake kiran ƙasar Siyam, maƙerin fada ne ke yanko guntun azurfa mai wannan nauyin, ya lanƙwasa bakinsa biyu su haɗu, ya bubbuge shi ya dunƙule, sannan a buga masa hatimin gidan sarauta da na sarkin da ke kan gado. Suna kiransa pot duang. Tun zamanin daular Sukhothai ake kashe shi, aka bi ta zamanin Ayutthaya, har aka shigo na Bankok. Mai saye da mai sayarwa ba sa bukatar su yarda da kowa. In ana shakka, a ɗora a kan sikeli, magana ta ƙare.

Ƙananan cinikayya kuwa da wuri ake yi, irin wurin nan na tekun Indiya da kakanninmu suka sani. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ashe a lokacin da ake ƙirga shi a kasuwar Kurmi, ana ƙirga ɗan'uwansa a bakin kogin Chao Phraya na Siyam. A ƙa'idar fadar Siyam, wuri 6,400 ne baht ɗaya.

Abin da ya canza wannan tsari shinkafa ce. A 1855 Sarki Mongkut ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da wakilin Ingila, John Bowring, wadda ta buɗe ƙofar fitar da shinkafa zuwa waje. Jiragen ruwa suka yi ta zuwa, ciniki ya ninka, maƙeran fada suka kasa ƙera dunƙulen azurfa da hannu daidai da bukata. Sai da sarki ya yarda a riƙa karɓar dalar Meziko ta azurfa, dala 3 a kan baht 5. Sarauniya Victoria ta aiko masa da ƙaramin injin buga kuɗi, daga baya ya sayi babba, a 1860 aka fara buga faffaɗan sulalla irin waɗanda muka saba gani. Ba a daɗe ba ƙananan kwabbai suka maye gurbin wuri. Ɗansa Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, shi ya ƙarasa aikin: a 1897 aka raba baht gida ɗari, a 1902 gwamnati ta fitar da takardun kuɗi, a 1904 aka daina karɓar pot duang, a 1908 aka yi dokar jingina baht da zinariya saboda farashin azurfa ya yi ta faɗuwa a duniya.

Akwai abu guda a wancan zamanin da nake ganin ya cancanci yabo. Siyam ce kaɗai ƙasar yankin da Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba, alhali Ingila na yamma da ita a Bama, Faransa na gabas. Ta yi asarar yankuna masu yawa, amma ba ta rasa kanta ba. Sarakunanta sun ga abin da ya sami Masar, wadda bashi ya ja wa shigowar sojojin Ingila a 1882, saboda haka suka ji tsoron bashin waje ƙwarai. Sukan gwammace aikin hanyar jirgin ƙasa ya tafi a hankali da a ce sun ci bashin da zai ba wani hujjar shigo musu gida. Wannan tsantsenin ya zama gado a ma'aikatar kuɗinsu tsawon shekaru.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta tilasta musu daidaita baht da yen, aka yi ta buga kuɗi don ciyar da sojojinta, kaya suka yi tsada. A cikin wannan hali aka kafa Babban Bankin Tailan a 1942. Bayan yaƙi bankin ya yi suna wajen riƙon amana, musamman a hannun Puey Ungphakorn, wanda ya shugabance shi daga 1959 zuwa 1971, mutumin da har yau ake buga misali da gaskiyarsa. Shekara da shekaru dala ba ta gusa daga kusan baht 20 ba.

Ku riƙe shekarar 1984 a zuciya, don za mu auna ta da abin da ya zo daga baya. Dala ta yi tsada a duniya, baht da ke ɗaure da ita ya bi ta, kayan Tailan suka daina sayuwa a waje. A watan Nuwamba gwamnatin Prem Tinsulanonda, da ministan kuɗinta Sommai Huntrakul, suka karya darajar baht daga 23 zuwa 27 a kan dala. Babban hafsan soja na lokacin, Janar Arthit Kamlang-ek, ya fito a talabijin yana neman a janye matakin. Prem ya ƙi. An sha wuya na ɗan lokaci, amma an yi abin tun asusu yana da sauran ƙarfi, kuma an yi shi a fili. Daga nan aka jingina baht da haɗakar kuɗaɗen da dala ta fi yawa a ciki, ya zauna a wajen 25.

Sai sa'a ta zo. A 1985 manyan ƙasashe suka yi yarjejeniyar da ta ɗaga darajar yen, kamfanonin Japan suka ga sarrafa kaya a gida ya yi musu tsada, suka kwaso masana'antun motoci da na kayan lantarki zuwa Tailan. Shekara goma tattalin arzikin ƙasar yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari duk shekara, a 1988 ma ya haura kashi 13. Matasa suka baro gonakin arewa maso gabas suka cika Bankok. Duniya ta yi ta yabo.

A nan ne aka yi kuskuren da ya haifi komai. A 1993 gwamnati ta buɗe wata kafa a Bankok da ta ba bankuna damar ciwo bashin dala daga waje su ba 'yan ƙasa. Ku sa kanku a matsayin ɗan kasuwar lokacin. In ya ci bashi da baht, kuɗin ruwan da za a ɗora masa ya kusa ninka na bashin dala. Ga kuma babban banki ya yi shekara tara yana nuna masa cewa dala baht 25 ce, jiya da yau da gobe. To, me zai hana shi cin na dala? Ya karɓi dala miliyan ɗaya, ya canza ta zuwa baht miliyan 25, ya sayi fili ya fara ginin bene. Ba ya sayar da komai a waje, hayar da zai karɓa da baht ce, bashin kuma na wata uku ne ko shida da ake ta sabuntawa, alhali ginin zai ci shekaru. Dubban mutane da kamfanoni suka yi haka a lokaci guda. Kafin ƙarshen 1996 bashin waje ya haura dala biliyan 100, kuma wanda wa'adinsa bai wuce shekara ba ya zarce duk abin da ke asusun ajiyar kuɗin waje na ƙasar, wanda ke wajen dala biliyan 38.

Alamu sun bayyana ga mai ido. A 1996 kayan da ake fitarwa waje suka tsaya cak, giɓin da ke tsakanin abin da ƙasar ke samu daga waje da abin da take kashewa ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na dukkan abin da take samarwa. Benaye suka tsaya babu masu haya. Wani banki, Bangkok Bank of Commerce, ya durƙushe saboda basussukan da aka rabar ta hanyar sanayya. A Fabrairun 1997 kamfanin gine-gine na Somprasong Land ya kasa biyan ruwan bashin da ake bin sa a waje, sannan Finance One, mafi girma a kamfanonin ba da rance, ya fara tangal-tangal.

Manyan masu cinikin kuɗi na duniya, ciki har da asusun George Soros, suka hango cewa farashin 25 ba zai ɗore ba. Dabararsu mai sauƙi ce: su ari baht mai yawa, su sayar da shi su karɓi dala a kan 25, su jira ya faɗi, su sayo shi da araha su maida wa mai shi, ragowar ta zama ribarsu. Ranakun 14 da 15 ga Mayu suka yi wa baht taron dangi. Babban banki ya ce ba zai ja da baya ba.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne sosai. Da a ce bankin ya riƙa fitar da dala daga asusu yana sayen baht a take, da kowa ya ga asusun yana raguwa. Sai ya bi wata hanya: ya riƙa ƙulla cinikin alkawari, wato ya sayi baht yau a kan zai ba da dalar bayan wata uku ko shida ko shekara. Tunda dalar ba ta fita ba tukuna, alƙaluman da ake wallafawa suka ci gaba da nuna asusu a cike. Tamkar manomin da ya sayar da hatsinsa tun yana rumbu, ya karɓi kuɗi, yana kuma nuna wa iyalinsa rumbun yana cewa ga abincin shekara nan. Alkawuran da aka ɗauka sun haura dala biliyan 23. Da aka cire su, aka cire abin da doka ta ce a ajiye a matsayin madogarar takardun kuɗi, abin da ya rage na kashewa bai kai dala biliyan 3 ba. Mutane ƙalilan ne a cikin bankin suka san haka. Majalisa ba ta sani ba, 'yan kasuwa ba su sani ba, suna nan suna ƙara cin bashin dala.

A watan Yuni ministan kuɗi Amnuay Viravan ya ajiye aiki. Wanda ya gaje shi, Thanong Bidaya, ya je bankin da kansa ya nemi a nuna masa littattafai, ya ga abin da ya gani. Duk da haka, ranar 30 ga Yuni Firaminista Chavalit Yongchaiyudh ya tabbatar wa jama'a ta talabijin cewa ba za a karya darajar baht ba. Kwana biyu tsakani, da safiyar 2 ga Yuli, aka sanar da cewa an saki baht kasuwa ta yi masa farashi. Zuwa Janairun 1998 dala ɗaya ta kai baht 56.

Ku koma wurin ɗan kasuwarmu. Bashinsa na baht miliyan 25 ya zama miliyan 56 ba tare da ya ƙara cin ko kwabo ba, ginin kuma ba mai saye. A watan Agusta Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya jagoranci haɗa rancen dala biliyan 17.2 da sharuɗɗa masu tsauri. Aka dakatar da kamfanonin rance 58, a Disamba aka rufe 56 daga ciki. Chavalit ya sauka a Nuwamba, Chuan Leekpai ya hau. A 1998 tattalin arzikin ya ja baya da fiye da kashi 7 cikin ɗari, a 1999 kusan rabin basussukan bankuna ba a iya biyansu. Su da kansu suka raɗa wa masifar sunan miyarsu mai yaji da tsami, tom yam kung.

Alƙaluma ba sa nuna fuskar mutum, shi ya sa zan ambaci ɗaya. Sirivat Voravetvuthikun fitaccen dillalin hannun jari ne, yana kuma gina gidajen alfarma lokacin da abin ya faru. Ya wayi gari bashi ya yi masa katutu. Matarsa ta riƙa haɗa burodi mai haɗi a gida, shi kuma ya rataya akwati a wuya ya tsaya a bakin titin Bankok yana talla, tare da ma'aikatansa da bai so ya kora ba. A unguwar Thonglor har kasuwa aka buɗe ta waɗanda suka taɓa arziki, suna sayar da motocinsu da agogunansu. Amma waɗannan an ɗauki hotonsu, an san da su. Lebura da magini da mai aikin masaƙa, waɗanda ba su taɓa riƙe dala ba, su ne suka hau motocin haya suka koma ƙauyuka ba tare da wani ya rubuta sunansu ba. Kusa da kogi har yanzu akwai wani bene mai hawa 49, Sathorn Unique, da aka bari ba a ƙarasa ba tun 1997.

Wa ke da laifi? Mahathir Mohamad, Firaministan Maleshiya na lokacin, wanda wutar ta kama ƙasarsa ita ma, ya ɗora wa Soros da ire-irensa. Ba na wanke su, domin riba suka ci daga wahalar mutane. Haka kuma sharuɗɗan farko na Asusun Lamuni, na tsuke kashe kuɗin gwamnati da ɗaga kuɗin ruwa a lokacin da kasuwa ke mutuwa, sun ƙara wa ciwon zafi, shi ya sa daga baya aka sassauta su. Amma a ganina babban alhakin yana gida. Masu cinikin nan ba su suka ci bashin ba, ba su suka buɗe ƙofar dala aka bar farashi a ɗaure ba, ba su suka ɓoye littattafai ba. A 1984 an faɗi gaskiya da wuri, aka rage kusan kashi 15 cikin ɗari, ƙasa ta miƙe. A 1997 an riƙe gaskiya har asusu ya ƙare, baht ya zubar da fiye da rabin darajarsa.

Abin da ya burge ni game da mutanen Tailan shi ne ba su rufe maganar ba. A 1998 aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin tsohon gwamnan babban bankin, Nukul Prachuabmoh, ya bi diddigin wanda ya yanke wane hukunci a wace rana, aka buga rahoton kowa ya saya ya karanta. Gwamnan da aka yi abin a hannunsa, Rerngchai Marakanond, sai da ya tsaya a gaban kotu. A 2005 aka yanke masa biyan baht biliyan 186, daga baya kotunan sama suka soke hukuncin. Talakawa ma ba su naɗe hannu ba. Wani dattijon malamin addinin Buddha, Luang Ta Maha Bua, ya shiga yawo gari-gari yana neman gudummawa don a cika asusun ƙasa, mata suna cire sarƙoƙinsu suna miƙawa. Kafin rasuwarsa a 2011 an tara zinariya fiye da tan 12 an danƙa wa babban banki. Ranar 31 ga Yuli 2003 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta gama biyan Asusun Lamuni, shekara biyu kafin wa'adi.

Tun daga lokacin ba a sake ɗaure baht a farashi guda ba. Daga shekarar 2000 babban banki ya maida hankali ga tsare hauhawar farashin kaya, yana barin canji ya hau ya sauka, sai in motsin ya yi yawa ya sa hannu. A wannan shekarar kuma ƙasashen yankin suka haɗu a birnin Chiang Mai suka yi yarjejeniyar ara wa juna kuɗin waje ranar wuya. Asusun Tailan yanzu ya haura dala biliyan 200. Ba wai komai ya daidaita ba ne. A Disambar 2006 bankin ya yi yunƙurin taƙaita shigowar kuɗin waje, kasuwar hannun jari ta faɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari a rana ɗaya, aka yi saurin sassautawa. A 2019 da dala ta sauko wajen baht 30, masu fitar da shinkafa suka yi ta kuka cewa Indiya da Biyetnam sun ƙwace musu kasuwa, domin kuɗi mai ƙarfi ma yana da nasa ciwon. Bashin da ke kan magidanta kuma ya kusa kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, wanda shi ne abin tsoronsu na yanzu.

Wanda ya riƙe takardar baht a yau zai ga ta 20 kore ce, ta 50 shuɗiya, ta 100 ja, sai ta 500 da ta 1,000, kowacce da hoton sarki. Tun 2018 hoton Sarki Vajiralongkorn ne ya maye gurbin na mahaifinsa Bhumibol. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok su kiyaye: in kwabo ya faɗi yana gangarawa, ba a taka shi da ƙafa don a tsayar da shi, domin fuskar sarki ce a jiki, kuma dokarsu tana da tsanani a kan wannan.

Jama'a, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fagen. 'Yan'uwanmu na Nijar suna tune da Janairun 1994, ranar da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. A Najeriya mun ga abin da ya biyo bayan sakin naira a Yunin 2023, kuma a lokacin ne aka ji cewa akwai alkawuran dala na kusan biliyan 7 da ke kan babban banki ba a cika ba. Babban Bankin Tailan a yau duk mako yake wallafa abin da ke asusunsa, tare da adadin cinikin alkawarin da ya ƙulla, layi biyu a jere, kowa ya gani. Roƙona ga ɗalibanmu masu nazarin tattalin arziki, da 'yan jaridar da ke cikin wannan zaure, shi ne duk ranar da aka faɗa muku yawan abin da ke asusun ajiyar ƙasa, kada ku tashi daga wurin sai kun tambayi nawa ne a ciki aka riga aka yi alkawarinsa, kuma yaushe ne wa'adin biya.